Allon da Ke Cikin Kwali

Da babban baƙo ya yanke jan ƙyallen, tafi ya ɓarke, ni ma na tafa har hannuna ya yi zafi. Ni ne Ɗanasabe, mai kula da sito a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, kuma wata goma sha ɗaya allon nan ya yi a wurina cikin kwalinsa. Allo ne na duba hoton cikin jiki, irin wanda ko ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba sai ya fito da shi. Wata ƙungiya ce ta ba mu kyauta. Ranar da ya iso, shugaban asibiti ya ce kada a kuskura a ɓare ledarsa sai an ƙaddamar, wai babban mutum ba ya yanke ƙyalle a kan abin da aka riga aka taɓa. Sau huɗu ana sa rana, sau huɗu baƙon yana Abuja.

"Likita, nuna wa mai girma aikinsa," in ji shugaba.

Likita Uzodinma ta matso. Kafin ta danna komai sai da ta dube ni.

*

Martina maƙwabciyata ce a unguwar Muchia, tela ce, ita ke ɗinka wa 'yata Miracle kayan makaranta. Bara ta yi ta kukan ciwo a nono, ni da kaina na kawo ta asibitinmu. Aka ɗauki hoto, likita ta duba a tsohon allonmu mai hazo-hazo, sannan ta biyo ni har sito.

"Malam Ɗanasabe, minti goma kawai. Akwai wurin da ban yarda da shi ba, wannan tsohon kuma ba ya nuna mini. Mu duba a sabon allon, mu mayar da shi kwalinsa."

"Likita, ki rufa mini asiri. Shekara biyu ta rage in yi ritaya."

Makullin siton yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Ta daɗe tana kallona, ta juya. Ta ce wa Martina ta je babban asibiti a sake dubawa. Amma a cikin keken da ya kawo mu gida, da Martina ta tambaye ni, sai na ce, "Ke dai kin san likitoci da tsoratarwa. Da akwai wani abu ai da an gani." Na faɗi haka ne don in samu sauƙi a raina. Ta yarda da ni, ba ta je ba.

Sai watan jiya aka kai ta babban asibitin, can gaba da Samaru. Suka ce an makara.

*

A wurin bikin, hoto ya bayyana a sabon allon. Likita ta rufe sunan, amma na gane kwanan watan, ranar da na kawo Martina ce. Ga su nan a gefe, fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri.

"Kai! Har ni da ba likita ba na gani," in ji baƙo. "Wannan baiwar Allah ta yi sa'a."

"Hoton bara ne, ranka ya daɗe," in ji likita.

Bai ji ba, ana ta tafi. Shugaba ya jawo ni gaba ya ce ga amintaccen ma'aikaci, wata goma sha ɗaya ko ƙwarzane babu. Aka tafa mini. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Da la'asar na koma gida riƙe da ledar shinkafar biki. Keken ɗinkin Martina yana baranda, an lulluɓe shi da zane. Na so in wuce a saɓule, sai muryarta ta fito ta taga, siririya.

"Baban Miracle, an buɗe injin naku?"

"An buɗe."

"Yana nunawa da kyau?"

"Yana nunawa."

"Madalla," ta ce. "Ka ga amfanin adana abu."

Na tsaya a bakin tagar, mai yana ɗiga daga ledar a kan takalmina.