Bugu Arba'in da Shida

Ƙauna ta shekara tara tana aikin nas a wani asibitin kuɗi da ke Sabon Gari. Daga Samaru take zuwa kullum, ta hau a-daidaita-sahu biyu kafin ta iso, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga wa wani murya a bakin aiki.

Wata Talata cikin damina ta karɓi aikin safe a ɗakin maza. A gado na huɗu akwai Malam Shekari, tsohon hedimasta daga Jushi, wanda aka kwantar kwana shida da suka wuce saboda zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Magani biyu ake ba shi: ƙwayar digoksin mai ƙarfafa bugun zuciya, da allurar da ke fitar da ruwa daga jiki. Shekaranjiya ma likita ya ninka allurar.

'Yarsa Lovelyn, wadda ke jinyarsa, ta taso ta tare ta.

"Sista, tun jiya Baba bai riƙe komai a cikinsa ba. Ko koko ya kurɓa sai ya dawo da shi."

Ƙauna ta gaida tsohon, ta tambaye shi jiki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "'Yata, yaushe aka yi wa ɗakin nan fenti? Komai ya koma rawaya. Har farar rigar taki."

Ƙauna ta mayar da ɗan kofin maganin da ta kawo masa kan tire, ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta zuba wa agogonta ido har minti guda ya cika. Arba'in da shida. Ta sake ƙirgawa. Arba'in da shida ɗin dai, kuma zuciyar tana yi tana tsallake bugu.

Ta san abin da take gani. Digoksin magani ne da tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ba ta da yawa, shi ya sa ba a bayar da shi in bugun zuciya ya gaza sittin sai likita ya sake dubawa. Allurar fitar da ruwa kuwa tana kwashe wani sinadarin jini da ake kira fotasiyam, in ya yi ƙasa sai digoksin ya zame wa mutum guba. Ga amai, ga ƙin abinci, ga ganin rawaya. Ta ɗauki biro ta rubuta a fayil ɗinsa: "Ƙarfe takwas da kwata. Ban ba da digoksin ba." Ta jera dalilanta, ta sa hannu.

Ƙarfe tara Dakta Kingsley, mai asibitin, ya shigo zagaye. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya karanta abin da ta rubuta, ya tura tabarau saman goshi.

"Wa ya ce ki tsayar da magani?"

Ta yi masa bayani a natse, ta roƙi a ɗebi jinin tsohon a auna.

"Maleriya ce," in ji shi. "Rabin garin nan amai suke yi da damina. Ki ba shi maganinsa, zan ƙara masa na zazzaɓi."

"Jikinsa ba zafi, Dakta. Bugunsa arba'in da shida ne. Ka saurara da kanka."

"Tun kina firamare nake rubuta maganin nan. Nawa rubutawa, naki bayarwa."

"Ba zan ba shi ba."

Mai gado na biyu, da aka ɗaure wa ƙafa, ya rage muryar rediyonsa. Dakta Kingsley ya juyo ya dube ta.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ba shi ba. Hannuna ne zai kai ƙwayar bakinsa, kuma na san abin da za ta yi masa. In an auna jini aka ga ƙarya nake, ka kore ni yau."

Dakta Kingsley ya fizgi kofin daga tire, ya ce to shi zai bayar da kansa. Ba ta riƙe masa hannu ba, don ba ta da wannan hurumin. Juyawa ta yi wajen tsohon.

"Baba, a ganina maganin nan ya yi maka yawa a jiki, shi ne ke sa ka amai da ganin rawaya. Dakta yana ganin ba haka ba ne. Awon jini ne zai raba mu. Jikinka ne, kana da ta cewa."

Malam Shekari ya yi shekara talatin yana raba gardamar yara, bai saba hanzari ba. Ya dubi likita, ya dubi nas, ya gyara kwanciya.

"Dakta, a yi awon tukuna. In ya nuna in sha, ko goma ne zan sha."

Likitan ya dire kofin ya fice.

Sai wajen azahar Lovelyn ta dawo da sakamakon daga ɗakin awo, ta jiƙe sharkaf. Fotasiyam ɗin ya yi ƙasa ƙwarai. Dakta Kingsley ya karanta a tsaye. Ya dakatar da digoksin da allurar, ya sa a ɗaura wa tsohon ruwa, ya rubuta takardar tura shi babban asibitin Shika. Ƙauna ce ta raka shi har cikin mota, yatsunta a kan wuyan hannunsa.

Kashegari Mama Mojisola, shugabar nas-nas, ta kira ta ofis ta miƙa mata takardar tuhuma. Laifinta rashin ladabi ga likita a gaban majiyyata.

"Kowa ya san gaskiyarki, 'yar nan," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Shi ma ya sani. Layi biyu kawai za ki rubuta na ban haƙuri, magana ta mutu."

"Mama, in ba da haƙuri a kan me? A kan ban kashe mutum ba?"

"A kan kin kunyata shi."

"Sau biyu na roƙe shi a hankali. Shi ya kai mu can."

Ta zauna nan take ta rubuta amsarta, shafi guda. Lokaci, yawan bugu, alamomin da ta gani, abin da ta ce, abin da aka ce mata, sakamakon jini. Babu kalmar haƙuri ko ɗaya. Aka dakatar da ita mako biyu.

A gida mijinta ya ce ta yi tunanin yaran, aiki ba ya samuwa a kan titi. Ta ce ta yi, kuma ko gobe aka maimaita abin da za ta yi ke nan. Cikin dare da rana na makon farko ba ta samu sukuni ba, sai da Lovelyn ta bugo waya ta ce bugun Baba ya haura saba'in, har ya nemi tuwon masara da miyar karkashi. Kwana tara ya yi a Shika aka sallame shi.

Ranar da ta koma aiki, Dakta Kingsley ya wuce ta a baranda bai amsa gaisuwarta ba. Ita kuwa ta ciro wata takarda daga jaka, wadda ta sa aka buga da manyan haruffa, ta liƙa a ƙofar kabad ɗin magani: a ƙirga bugu minti guda cur kafin a ba da digoksin, in ya gaza sittin a tsaya a kira likita.

Kafin a tashi daga aiki an yage ta. Mama Mojisola ta ce umarni ne daga sama.

"Ba komai," in ji Ƙauna, tana laluben jakarta. "Kwafi ashirin na buga a Samaru. Ara mini salatif ɗinki."