Damin Dawar da Arzika Ya Yafe

Shekara talatin ke nan da Malam Arzika ya ba amininsa Philip aron gonarsa ta bakin ruwa, a wani ƙauye da ke ƙasar Ngaski. Ba takarda, ba sa hannu. Yadda ake yi a can, duk kaka mai aro ya ɗauko dami ɗaya na dawa ya ajiye a ƙofar gidan mai gona, da rana tsaka, kowa na gani. Dami ɗaya ba ya cika rumbu. Amfaninsa kawai gari ya riƙa tuna gonar ta wace ce.

Shekarar da Philip ya rasu, matarsa Rachel ce ta ɗauko damin a ka, da goyo a baya. Arzika ya kasa haɗa ido da ita.

"Maida shi gida ki ba yara," in ji shi. "Kada ki ƙara kawowa."

Ranar kowa ya yaba masa. Mutanenmu akwai yabo a baki, amma ranar shaida sai ka neme su ka rasa.

Yau ga Daniel, wannan goyon, ya zama magidanci, ya kafa turakun siminti a kusurwoyin gonar, ya ce gadon ubansa ne. Abin da ya fi ci wa Arzika rai shi ne Daniel ba ƙarya yake ba. Tun da ya buɗe ido bai taɓa ganin an kai wa kowa dami ba. Arzika kuwa gonakinsa na tudu sun gaji, wannan ce kaɗai zai bar wa 'ya'yansa.

Ya hau mota zuwa Yelwa. A ƙofar kotu wani mai baƙar kwat ya tare shi ya ce shi lauya ne, ya cika masa takarda da Turanci har bayanta. Magatakarda ya duba ya girgiza kai, ya ce wancan ɗan damfara ne, lauyan gaske yana da ofis, yana da hatimi mai sunansa da lambarsa, ka tambaya ya nuna maka. Ya kwatanta masa ofishin Barista Fatima, a saman wani bene kusa da kasuwa.

Da ya je, ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Baba, aro ba ya zama gado don ya daɗe. Amma alƙali ba ya ganin zuciya, shaida yake nema. Wa ya ga ana kawo damin?"

Arzika ya fara lissafo su. Mai unguwa ya rasu. Liman ya rasu. Maƙwabcinsa ya yi ƙaura ba a san inda yake ba.

"Saura mutum guda," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"To, ka fara jin ta bakinta. In ta yarda, ka kira ni mu shigar da ƙara."

Washegari da hantsi ya sami Rachel a gidan Daniel, zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa da laluben hannu, don idon ya tafi. Ta gane muryarsa tun daga sallama. Bai kai ƙarshen maganar ba ta ɗaga hannu.

"Na san abin da ya kawo ka, Malam. Gona taka ce. Na hwaɗa ma Daniel, ya ce tsufa ya ruɗe ni. In an kai ni gaban alƙali, gaskiya za ni hwaɗi, ba ni cin amanar abokinka yana kabari." Ta juya ƙwaryar gyaɗar. "Sai dai ka tanadar min inda za ni kwana, don gidan ga ba ni komowa."

Arzika ya daɗe a durƙushe. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa wanda zai ji haushi.

"Gaishe ki na zo yi, uwar Daniel," ya ce.

Ta san ƙarya yake. Ta dumbuzo gyaɗa ta miƙo masa, tana neman hannunsa a iska.