Kwanar Ruɓaɓɓen Lemo

Baba yana tsugune yana juya wani lemo da funfuna ta lulluɓe lokacin da manaja ya tsaya a kansa. Ya ce yau ce rana ta ƙarshe: ko dai ya kwashe wannan ƙazanta daga kwanar sito kafin a tashi, ko ya kwashe kansa. Shekara ashirin da shida Baba yana tantance lemo a nan, ga shi tsufa ya kama shi. Wa zai ɗauki tsoho aiki yanzu?

Amma zubarwar ce ta gagare shi. Kowane lemo yana cikin ledarsa, an ɗaure, da sunan gonar da ya fito da irin rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza.

Da hantsi wata mata ta zo daga ɗakin bincike, da akwatin sanyi a hannu. Ta ce ruwan maganin da ake wanke lemo da shi don hana ruɓa ya daina aiki a wurare da dama, tana neman ruɓaɓɓu. Masu dako suka fashe da dariya, suka ce ai ga sarkin ruɓa can a kwana, har gaishe su yake yi da safe.

Baba ya miƙe da ƙyar, ya fara nuna mata. Koriyar funfuna mai gaggawa ce, shuɗiyar kuwa mai haƙuri, kuma duk ta rauni suke shiga, ko da na farce ne. Sai ya ɗauko leda uku daga gona guda, ya ce funfunar wannan gona tun bara ba ta jin magani, kamar ma wanka ake mata.

Matar ta daɗe tana kallon ledojin. Ta bayyana masa cewa kowace funfuna tana da rubutun gado a cikin ƙwayoyinta, aikinsu a ɗakin bincike shi ne su gano layin da ke koya mata ɓarka ɓawo da kauce wa magani.

“Ashe ita ma 'yar gado ce,” in ji Baba. “Shi ya sa ba ta jin magana.”

“Baba, wata takwas ina neman abin da ka ɗaure a ledar nan.”

Ta kwashe su duka. Sannan ta roƙi manaja a bar tsohon ya ci gaba da tarawa, za ta riƙa aiko mota duk mako. Manaja ya sosa ƙeya, ya dubi masu dako.

“To, a nemo masa durom mai murfi,” ya ce, ya wuce ofis.

Baba ya tafi famfo yana wanke hannu a hankali, idanunsa sun ciko. Yana so ya yi godiya, ya rasa ta inda zai fara: matar, ko manaja, ko kuwa funfunar.