Takardar Ilu a Gaban Alƙalin Kurfi

Malam Rabo na Rawayau ya rasu ya bar gona babba a bakin fadama, da 'ya'ya maza biyu, Ummaru da Ilu. Ko sadakar arba'in ba a yi ba Ummaru ya kai ƙara kotun Kurfi, ya ce ƙanensa ba shi da gado a gonar, don ya bar addini.

Ilu yana yaro gyambo ya kama shi a ƙafa, aka yi maganin gida har aka gaji, sannan aka kai shi asibitin mishan can wajen Katsina. Ƙafa ta warke, yaro bai dawo ba. Turawan suka ga kansa na ja, suka sa shi makaranta, daga wannan sai waccan, har suka tura shi wata jami'arsu a Amurka. Bayan samun mulkin kai ya dawo da takardar digiri mai hatimi ruwan zinariya, da gicciye a samanta. Da ya kai ta Ma'aikatar Ilimi a Kaduna, aka juya ta gaba da baya, aka ce jami'ar ba ta cikin waɗanda gwamnati ta yarda da su. Aka turo shi firamaren Dutsin-Ma a matsayin malamin da ba shi da shaidar komai. Yana bin sahu a masallaci kamar kowa, sai dai duk sa'ad da yake alwala akwai mai satar kallonsa.

Ranar shari'a zauren kotu ya cika har waje. Alƙali Atiku tsoho ne, idonsa ya yi rauni, sai da ya kai takardar digirin Ilu kusa da hancinsa kafin ya ga hatimin.

Ummaru ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a dubi samanta. Kuma wani da ya yi aiki wurin Turawan mishan ya gaya mini ba su ba mutum irinta sai ya sa hannu cewa ya bi addininsu."

Alƙali ya juya. "Ilu, ka sa hannu?"

"Na sa, Allah ya gafarta Malam."

Zauren ya ɗauki salati. Alƙali ya jira aka natsu, sannan ya ce, "Da zuciya ka sa, ko da yatsu?"

Ummaru bai bari ya amsa ba. "In da zuciya ya sa, ba shi da gado. In da yatsu ne, to ƙarya ya yi wa mutanen, takardar ta sata ce. Ya ƙone ta nan gaban jama'a, ni kuwa in raba gona da shi yau ɗin nan."

Ƙanen mahaifinsu, Tukur, mai sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, ya yi dariya daga inda yake zaune. "To ai magana ta ƙare! Takardar da Kaduna ma ta ce ba ta san ta ba? Kai Ilu, in kana jin tausayin ashana, ba ni ita in naɗe goro."

Aka kwashe da dariya. Kowa ya ɗauka an gama, don takardar ba ta ƙara wa Ilu komai a albashi ba, gonar kuwa tana ba da dawa da rake da ba su yankewa.

Ilu ya ce, "Ba zan ƙone ta ba, Yaya."

"Ta ci da kai ne?"

"Ba ta ci da ni ba. Amma mutanen nan da gaskiya suka koya mini, ni ma da gaskiya na karanta. Tsohon da sunansa ke ƙasanta, shi ya yi jinyata sa'ad da sanyin ƙasarsu ya kwantar da ni. Kaduna ta ce ba ta san su ba, ni na san su. In na ƙone ta na ce ɓarayi muke, ni da su."

Tukur ya girgiza kai. "Karatu dai ya taɓa yaron nan."

Alƙali ya tambayi Ummaru ko yana da shaidu biyu da suka ga ƙanensa yana ibadar Nasara. Ba shi da su. Sai alƙali ya ce tunda mai ƙara ya rasa shaida, rantsuwa ta hau wanda aka yi ƙara. Ya sa muhuti, mai rubuta shari'a, ya ɗauko Alƙur'ani cikin gafakarsa ta jar fata, aka aza shi a kan buzu tsakiyar zaure. Waɗanda ke kusa suka ja da baya. A ƙasar nan ba a wasa da wannan rantsuwa. Akwai gidajen da suka watse, har yau ana nuna su da baki, a ce mai gidan ya dafa bisa ƙarya.

Ilu ya fita ya yi alwala, idanu na binsa har ya wanke ƙafar da ke da tabon gyambo. Ya dawo ya durƙusa gaban Littafin.

Alƙali ya ce, "Za ka dafa, ka ce tun da aka haife ka ba ka taɓa fita daga addinin ubanka ba, ko na yini guda. In ka faɗa, rabonka naka ne, takardarka taka ce."

Ilu ya daɗe yana kallon gafakar. Hannuwansa na kan gwiwoyinsa, bai ɗaga su ba.

"Allah ya gafarta Malam, in a kan yau ne, sai in rantse. A kan bara ma haka. Amma ranar da na sa hannun nan, na yi shekaru ban ji kiran salla ba. Suna waƙarsu a majami'a, tana ratsa ni har in yi hawaye. Ban san abin da ke zuciyata ba ran nan. Na tambayi kaina har na gaji, har yau ban sani ba. Ba zan ɗora hannu a kan Littafin nan da abin da ban sani ba."

Tukur ya matso, ya yi ƙasa da murya, amma duk zauren ya ji. "Kai ɗan nan, dafa mana! Gona ce fa. Wa ya shiga zuciyarka ya gani?"

"Baffa, akwai wanda ya gani."

Ba wanda ya sake dariya. Wani tsoho a bakin ƙofa ya cire hularsa ya riƙe, bai san ya cire ba.

Alƙali ya ce, "Ka san abin da ƙin rantsuwa ke jawowa?"

"Na sani."

"To, rantsuwa ta juya kan mai ƙara. Ummaru, in ka dafa, gonar duka taka ce."

Ummaru ya miƙe da sauri, ya yi alwala, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya durƙusa kusa da ƙanensa, kafaɗarsu ta kusa haɗuwa.

Alƙali ya ce, "Za ka ce ɗan'uwanka ya fita daga addini, kuma har mahaifinku ya cika bai dawo cikinsa ba."

Ummaru ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya sama da gafakar. Shi ne ya yi noman gonar nan tun yana saurayi, shi ya yi jinyar tsohon, kuma tun da safe ya tabbata a ransa cewa gaskiya tasa ce. Ya dubi Ilu. Mutumin da yake kira kafiri ya saki rabin gonar fadama yanzun nan don tsoron Littafin da shi yake shirin dafawa.

Ya janye hannun a hankali, ya cusa shi cikin rigarsa.

"Allah ya gafarta Malam, ni ma ban sani ba."

Alƙali Atiku ya rufe ido, leɓunansa na motsi. Da ya buɗe, sai ya ce ƙara ta faɗi, a je da igiya a raba gonar Malam Rabo biyu daidai. Ya miƙa wa Ilu takardarsa da hannu biyu.

"Wannan ban san nauyinta ba, ba a ba ni ma'auninta ba. Riƙe abinka."

Akwai masu ƙara da yawa a waje suna jiran a kira su, har da masu rigimar akuya tun daga Ɗantutture. Alƙali ya sa aka ce musu su dawo gobe, shi yau ba zai iya sauraron kowa ba.