Likkafanin Baba

Zulfa ta ninke farin ƙyallen, ta cusa shi ƙarƙashin kayan mahaifinta a akwati. Likkafani ne da shi mahaifin nata, Alhaji Abdulgani, ya wanko da zamzam shekarar da ya sauke farali.

Gobe jirgin Alƙahira zai tashi da shi. Likita ya riga ya faɗa wa yayanta Abdulƙahhar cewa ciwon daji ya cinye hantar, ba sauran abin yi sai rage raɗaɗi. Kowa ya sani a unguwar Kwaciri, amma ba mai faɗa wa mai ciwon. Masu dubiya sai su cika ɗaki da "Jiki ya yi kyau, Alhaji," su fita suna girgiza kai.

Shi kuwa ya tsare Inna Salomi da tambaya, tsohuwar nas ɗin Sabon Gari da ke zuwa yi masa allura, ta kasa yi masa ƙarya.

"Kada a kai ni ko'ina," ya ce wa Zulfa ranar. "A ɗakin nan nake so, inda nake jin ladaninmu."

*

Ɗazu da rana Zulfa ta tare yayanta a ƙofar ɗakin. "Yaya, Baba ba ya son tafiyar nan. Inna Salomi ta ce mu taru ya faɗa da bakinsa, a rubuta."

"A rubuta me? Kin zama likita?" Abdulƙahhar bai ɗago daga wayarsa ba. "So kike a ce a kasuwar Singa na bar ubana a tabarma ina kallo?"

"Shi fa, me yake so?"

Ya wuce ta ya shiga ɗakin, ta bi shi.

"Abdulƙahhar," in ji Baba, "idan lokacina..."

"Haba Baba, bar wannan magana. Da ƙafarka za ka dawo."

Sai da ɗan ya fita Baba ya dubi Zulfa. "To, sa min kayana a akwati. Kin san wanda nake nufi."

*

Da safe aka ɗauki Baba zuwa mota. Abdulƙahhar na laluben takardun asibiti a akwatin sai ya zaro ƙyallen.

"Wane irin mugun fata ne wannan?"

"Shi ya ce..."

Ya ajiye shi a kan gado, ya ja akwatin ya fita.

Ta taga Zulfa ta hangi Baba a kujerar baya, ya juyo yana neman fuskarta. Ya ɗaga yatsa, alamar tambaya ko likkafanin na cikin akwati. Ta gyaɗa masa kai.

Motar ta sha kwana. Likkafanin na nan a kan gado, inda shatin jikin Baba bai ɓace ba tukuna.