Kawu Amumun a Teyatur

Akoli ɗan Cirozerin ne a ƙasar Abzin, inda mutane ke rayuwa da garka a bakin ƙorama, sa yana jan guga daga rijiya, ruwa yana bin ƙananan hanyoyi zuwa albasa da alkama. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Wanda ya tsaya masa shi ne kawunsa Amumun, wan mahaifiyarsa Lalla.

Da can Amumun mai raƙuma ne. Ya sha bin ayarin gishiri, har ranar da raƙumi ya yar da shi ya karye a cinya, ƙafar kuma ta ɗoru a karkace. Da tafiyar ƙasa ta gagare shi sai ya zama yaron mota a Agadas, a hankali ya iya tuƙi. A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, lokacin da anasaru suka fara yawo a Abzin suna fasa duwatsu suna neman wani ƙarfe da mutanen ƙasar ba su san amfaninsa ba, sai suka ɗauke shi yana ja masu kamyo, babbar motar kaya.

Da Akoli ya gama lakwal, wato ƙaramar makarantar boko, a Agadas aka ce ya ci jarrabawar shiga kwaleji a kudu, dangi suka ƙi. Suka ce garka tana buƙatar hannu, kuma yaron da ya tafi kudu ba ya dawowa yadda ya tafi. Amumun ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallashi har suka saki. Shi ya kai shi ƙofar kwalejin, ya damƙa masa jakar dabino, ya juya yana ɗingishi.

Shekarar farko ta yi wa Akoli ɗaci. Yawancin 'yan ajin Hausawa ne na Tawa da Damagaram. Shi kuwa Tamajak ya sha a nono, Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce "ya" inda ake cewa "ta". Da ya buɗe baki sai dariya. Don haka ya daina buɗewa, ko malami ya yi tambayar da ya san amsarta. Sakamako ya fito yana can ƙasa.

Wata ranar Lahadi suna wanki a bakin rijiyar makaranta, wani yaro mai suna Mano, ɗan Damagaram, ya tsokane shi ya ce ya yi masu Hausar Abzinawa. Maimakon ya sunkuyar da kai yadda ya saba, sai Akoli ya naɗa rigar da yake wankewa a ka kamar rawani, ya ja ƙafa ɗaya, ya dafa bokiti yana shafa shi.

"Haba yarinya, tashi mana. Mota nan ya gaji, ya sha ruwa bai ƙoshi ba. Tashi, in ba ka ciyawa a Agadas."

Haka kawunsa yake yi wa kamyo magana in ta ƙi tashi, kamar yana lallashin taguwa. Yaran suka yi ta dariya har Mano ya zauna cikin kumfa. Amma wannan dariyar daban ce, Akoli ya ji bambancin nan take: tare da shi ake yin ta.

"Wane ne wannan?" in ji Mano yana share hawaye.

"Wani shofer ne a wajenmu. Amumun."

Bai ce kawunsa ba ne.

Labari ya kai kunnen Mushe Alhassane, malamin Faransanci, wanda ke kula da ƙungiyar teyatur, wato wasan kwaikwayo, ta makaranta. Ya kira Akoli ya sa shi ya maimaita, ya ce lalle ya shiga ƙungiya. Aka gina ɗan wasa a kan shofer Amumun da maigidansa anasara, Mano ne anasaran.

Daga nan al'amuran Akoli suka sake. Wanda ya tsaya gaban makaranta duka ya sa ta dariya ba ya jin tsoron ɗaga hannu a aji. Mushe Alhassane ya riƙa ba shi littattafai, yana gyara masa lafazi bayan an tashi. A shekara ta biyu ya hau tsakiya, a ta uku yana cikin na gaba. Hausarsa ma ta miƙe, har ya zama sai ya yi niyya yake karkata ta.

Wasan kuma ya yi ta girma, don abin da ya ba da dariya jiya ba ya isa yau. Akoli ya ƙara cewa shofer ya zuba wa mota shayi don ta ji ƙarfi. Ya ƙara cewa in anasara ya daka tsawa, shofer yakan zube a gwiwa yana rawar jiki yana cewa, "Wi mushe, ni jaki ne mushe." Wannan wurin shi ya fi tayar da ɗaki. Ɗingishin da maganar mota na kawunsa ne. Shayin da durƙuson Akoli ne ya ƙaga su. Wani lokaci in ya sauko daga dandali yakan ce wa kansa Abzin na da nisa, ba mai ji.

Ƙarshen shekara ta uku aka sanar cewa ƙungiyar za ta yi rangadi a arewa lokacin hutu: Agadas, sannan zangon masu neman duwatsu kusa da Anu Araren. Akoli ya je wurin Mushe Alhassane ya ce muryarsa ba ta da daɗi kwanan nan.

"Ka sha zuma," in ji malamin. "Ƙasarku za mu, kai ne za ka ƙi?"

Akoli ya so ya faɗi gaskiya, sai ya fasa. Ya kwantar da hankalinsa da labarin da ya ji cewa an tura kawunsa can arewa, wajen da ake kira Arlit, fili ne fetal ba gida ko ɗaya sai tantunan anasaru.

A Agadas wasan ya karɓu, kumandan mai mulkin garin da kansa ya yi dariya har da buga cinya. Washegari da safe suna tsaye da kayansu sai ga kamyon da zango ya aiko. Shofer ya sauko, dogo, da baƙin rawani, yana jan ƙafar hagu. Amumun ne, ashe an dawo da shi daga Arlit. Ya nufo Akoli kai tsaye ya kama hannunsa ya riƙe.

"Na ji yara lakwal za ya zo, na ce ni zan ɗauko," ya ce wa Mushe Alhassane da fara'a. "Wannan ɗan ƙanwata ne. Ku hau, mota ya ƙoshi da ruwa."

Wani yaro ya fara dariya ya mayar da ita tari. Mushe Alhassane ya miƙa hannu ya tambayi sunansa. Da ya ji amsar, sai ya juya ya dubi Akoli.

A bayan kamyo ba wanda ya yi waƙa, alhali tun daga kudu suke waƙa a hanya. Da suka shiga yashi motar ta fara nishi, suka jiyo muryar Amumun daga gaba yana cewa, "Haba yarinya." Kowa ya sa ido a kan takalminsa. Mano ya matso kusa da Akoli.

"Don me ba ka taɓa gaya mana ba?"

Akoli ya kau da kai yana kallon duwatsu.

Zangon tantuna ne da rumfunan kwano a gindin wani baƙin tudu, ga ganguna na mai, ga akwatunan duwatsu da aka yi wa lamba. Leburori sun fi anasaru yawa nesa, Abzinawa da Hausawa da Barebari. Bayan azahar aka share fili aka jera akwatuna don zama. Mushe Alhassane ya ja Akoli gefe.

"Zan cire wasan shofer. Mu yi na alƙali da na mai maganin gargajiya, sun isa."

Akoli ya ji kamar an sauke masa dutse. Amma kafin su rabu sai ga shugaban zangon, wani anasara mai jan gemu, yana murmushi. Ya ce kumandan ya yi masa waya ta rediyo, ya ce kada ya yarda a hana shi ganin wasan shofer. Ya dafa kafaɗar Akoli ya ce ya ji shi ne gwanin, kuma irin waɗannan yara masu kai kamfani zai nema nan gaba.

Mushe Alhassane ya ce, "Yaron muryarsa ba ta da daɗi, mushe." Ya dubi Akoli, ya bar masa ƙofa a buɗe.

Akoli ya dubi anasaran, ya dubi hannun da ke kafaɗarsa. Ya ji bakinsa yana cewa da Faransanci mai kyau, "Ta warware, mushe. Zan iya."

Ya shiga fili da niyyar sassautawa. Zai yi maganar mota kawai, ya bar sauran. Amma da ya ja ƙafa taku biyu, leburori suka gane. Dariya ta tashi irin wadda bai taɓa samu ba, ta mutanen da suka san mai abin, suna juyawa suna nuna inda Amumun yake tsaye jikin kamyonsa. Amumun ma ya yi dariya da aka zo wurin "haba yarinya", ya girgiza kai. Ganin haka ya ba Akoli ƙarfin gwiwa. Ya yi na shayi. Mano, da hular anasara a kansa, ya yi jinkirin daka tsawar, yana yi masa alama da ido su tsaya nan. Akoli ya ƙi ganin alamar. Jikinsa ya riga ya san hanya, taron kuma yana jira. Mano ya daka tsawa a sanyaye, Akoli ya zube a gwiwa.

"Wi mushe, ni jaki ne mushe."

Anasaru suka yi tafi. Wasu leburori suka kwanta don dariya, wasu dattawa daga cikin Abzinawa kuwa suka kau da kai. Daga inda yake durƙushe Akoli ya hango kawunsa ya ja rawani ya rufe har ƙarƙashin ido, ya zagaya bayan mota.

Tun kafin a kwashe akwatunan Akoli ya ji wani matashin lebura yana ƙwala wa wani kira, "Ni jaki ne mushe," ana ƙyaƙyatawa.

Da la'asar Amumun ya ce zai sauke shi gida, tunda Cirozerin ba nisa. Su biyu ne a gaban mota. Suka yi nisa da zango. Da Amumun ya buɗe baki da Tamajak ya yi, harshen da ba ya tuntuɓe a cikinsa, wanda in yana magana da shi a taro dattawa kan saurara.

"Ƙafar ka iya ta. Maganar mota ma haka nake yi, ban san ana ji ba." Ya sauya giyar mota. "Amma durƙuson, ɗana, a ina ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, kawu."

"Wani ya ce maka na yi?"

"A'a."

"To daga ina?"

Akoli ya ce, "Sun fi dariya in na yi."

Amumun ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin da ya riga ya zata.

"Mai jan gemun nan ya taɓa ɗaga mini hannu, a shekarar farko. Na kashe mota na sauka na zauna a inuwa, na ce ya tuƙa da kansa. Tun ranar bai sake ba. Yau na ga yana tafi." Ya kauce wa wani rami. "Kai hutu zai ƙare ka koma kudu. Ni gobe da mutanen nan zan ci tuwo."

"Kawu, ka gafarta mini. Zan je in gaya masu ƙarya na yi."

"Ka gaya wa wa? Sun san ƙarya ce. Ba don gaskiya suke dariya ba."

Da suka iso bakin garka Lalla ta fito da murna. Amumun ya gaya mata ɗanta yana cikin na gaba a aji, anasaru ma sun yaba masa. Bai ƙara kome a kai ba. Ta roƙe shi ya tsaya a dafa shayi, ya ce mota ba tasa ba ce, ya juya.

Akoli ya yi hutun yana bin san da ke jan guga a bakin rijiya, yana sauraron ƙarar mota daga hanya. Kawunsa bai zo ba. Daga baya wani mai kai albasa zango ya ce Amumun ya nemi a mayar da shi tantunan Arlit, inda ruwa ma sai an kai a ganga. Lalla ta yi mamakin mutum da ƙafa irin tasa ya zaɓi can. Akoli yana zaune yana jin ta, sai ya tashi ya koma bakin rijiya.

Da aka koma makaranta ya gaya wa Mushe Alhassane ya bar teyatur. Malamin bai yi masa musu ba, ya ce shi ma da laifinsa, da ya tambaya tun farko. Ya cire wasan daga jerin na ƙungiya.

Sai dai wasan ya riga ya fita hannunsu. 'Yan ajin ƙasa sun haddace shi kaf. Akwai wani yaro ɗan Tawa da bai taɓa taka Abzin ba, shi ya gaje shi, yana yi a ɗakin kwana da wurin cin abinci, yana ƙara nasa. Akoli ya tare shi sau ɗaya ya ce ya daina, ko aƙalla ya sake sunan. Yaron ya dube shi da mamaki ya ce ai kowa ya san sunan shofer Amumun, in an sake ba zai yi daɗi ba.

A shekarar Akoli ya zo na ɗaya a aji. Ran da aka faɗi sakamako, 'yan makaranta suka taru a inuwar itacen bedi suna shagali, aka tura ɗan Tawan tsakiya. Mano ya zo ya sami Akoli a cikin aji shi kaɗai, ya zauna kusa da shi. Ta taga suna jin yaron yana jan ƙafa a kan tsakuwa, taron yana jiran wurin durƙuso.

"In je in hana su?" in ji Mano.

"Gobe ma za su yi," in ji Akoli.

Mano ya tashi ya rufe tagar, ya dawo ya zauna.