Awa Biyu Daga Kano

Rauf ya ɗaga wayarsa sama a tsakar gidansu da ke unguwar Nima a birnin Accra, har masu zaman makoki suka juyo gare shi.

"Ga shi nan, Mma. Daga Kano zuwa Accra ko awa biyu ba a yi a jirgi. Yaya Wahab zai riski jana'iza."

Da asuba mahaifinsu, Baba Braimah, ya cika. Liman ya so a kai shi bayan azahar, amma mahaifiyarsu, Mma Amama, ta roƙa a jira ɗanta na fari, Wahab, wanda ke ɗinki a Kano shekara da shekaru. Liman ya dubi ranar da ke dukan kwanon rufi, ya ce, "Zuwa la'asar, Hajiya. In ya wuce haka, sai ɗakin sanyi na asibiti."

Jin haka Mma ta runtse ido. Tun yana kwance tsohon ya sha riƙe hannunta yana cewa kada a kuskura a sa shi cikin ƙanƙara kamar kifi.

Rauf, bawan Allah, bai taɓa leƙa cikin jirgi ba, duk da kullum ta saman rufinsu jirage suke wucewa. Shi dai ya tambayi waya, waya ta ba shi amsa. Ina ya san miƙaƙƙiyar hanya ta lissafa masa, irin ta tsuntsu?

Ana idar da azahar Wahab ya kira, muryarsa a dishe.

"Ina Legas, Rauf. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, dole a sauka nan a canza. Na yau ya cika, sai gobe da safe."

"Amma awa biyu..."

"Wace awa biyu? Don Allah ku kai shi asibiti. Kwana ɗaya ne tak, in ga fuskarsa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Rauf. Ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban Mma ya faɗa mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta daɗe tana sauraron kukan babban ɗanta.

"Wahab," ta ce, "kai kana da gobe, shi ba shi da ita. Nemi ruwa ka yi alwala a inda kake."

Bayan la'asar aka ajiye makara a ƙofar masallaci. Rauf ya kira Wahab, ya sa wayar a aljihun ƙirjinsa bai kashe ba. Da liman ya yi kabbara, sai Rauf ya ji kabbarar yayansa ta biyo baya daga cikin aljihu, a makare, wata mace kuma a can filin jirgin Legas tana ta sanarwar jirgin da zai tashi zuwa wani gari.